Jakar Saƙo: Daga Kano Zuwa Ƙurɗuba, Bazarar 2025

Asabar, 28 ga Yuni. Abuja

Jaka biyu gare ni, kowace kilo 23. Ɗaya tawa, ɗaya ta jama'a. Tun ranar da labari ya fita cewa bizata ta fito ƙofar gidana ba ta huta ba: mai kuka, mai busasshiyar kuɓewa, mai daddawa, mai turaren wuta, mai hula zanna bukar. Uwargida ta zauna ta ƙulle kowanne a leda uku-uku, ta liƙa takarda da sunan mai shi da garin da yake. Saƙo 11, mutum bakwai, gari shida. Kilishi da man shanu kam na mayar wa masu su da haƙuri, domin dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama ko kayan nono daga waje. Wani har ya ce in tura shi cikin safa. Na ce a kai kasuwa.

Mafi ƙanƙanta a cikin saƙonnin shi ne na Inna, maƙwabciyarmu: carbi, ƙullin yaji, da wasiƙa da ajami. Na autanta ne, wanda ya bi ta Agadas shekara huɗu da suka wuce, yanzu yana kudancin Sifen. Shi ban saka a jaka ba, yana aljihun gaban rigata.

Bizar ta ci Yuro 90, ban da inshorar lafiya ta Yuro 30,000 da dole sai ka nuna, da takardar banki, da wasiƙar gayyata. Amma guda ɗayan nan ta buɗe mini ƙasashe 29. Ingila ba ta ciki, don haka mutanen Landan su yafe mini.

Da safen nan aka wayi gari da rasuwar Alhaji Aminu Ɗantata. A filin jirgi duk Bakanon da na gaisa da shi da ta'aziyya muke farawa. Allah ya jiƙansa.

Talata, 1 ga Yuli. Paris

Na gudo wa damina na faɗo cikin bazara. Tun da na sauka ranar Lahadi garin yake ci kamar murhu, yau kuma har an rufe ƙololuwar hasumiyar Eiffel saboda zafi. Ni da na taho da rigar sanyi biyu bisa shawarar masu shawara.

Zafin ba wai ya fi na Kano a watan Afrilu ba ne. Abin da ya sa yake gallabar mutum, gidajen an gina su ne don su riƙe ɗumi. Dakta, abokina tun makarantar kwana, yana zaune a hawa na shida, can ƙarƙashin rufin kwano, babu na'urar sanyaya ɗaki, babu tsakar gida, babu inuwar darbejiya da za ka shimfiɗa tabarma. Fanka ɗaya muke juyawa tsakaninmu. Ɗakin duka bai kai zauren gidan mahaifinsa ba, kuɗin hayarsa kuwa da ya faɗa mini sai da na sa ya maimaita. Ya yi dariya ya ce, "Mutumina, ka daina lissafi da Naira, hawan jini zai kama ka." Ban daina ba. Tikitin jirgin ƙarƙashin ƙasa a 2025 Yuro 2.50, na shigowa gari daga filin jirgi Yuro 13, kuma duk na buga su.

Na ba shi saƙonsa uku. Hular ya ajiye gefe, turaren ma haka. Daddawar ce ya buɗe, ya kai hanci, ya yi shiru. A daren muka yi tuwon semo miyar kuka, tagogi a rufe duk da zafin, wai kada ƙamshin ya kai wa maƙwabta su yi ƙara.

Rana ba ta faɗi ba sai wajen goma na dare. Na yi Magariba ina hamma.

Alhamis, 3 ga Yuli. Paris

Dakta yana fita bakwai na safe ya dawo bakwai na yamma, saboda haka ni kaɗai nake yawo da taswirar waya. Zafi ya sauka yau. Na hau hasumiyar da ƙafa har hawa na biyu, matakala 674, gwiwoyina suna tuna mini shekaruna. Tsawonta mita 330, an gama ta a 1889, kuma ƙarfe ne zalla. Kyanta daga nesa ya fi. A gindinta samarin Afirka ne ke sayar da ƙananan hasumiyoyi a zare, ido ɗaya kan mai saye, ɗaya kan 'yan sanda.

Majami'ar Notre-Dame da ta yi gobara a Afrilun 2019 an sake buɗe ta a Disambar bara, dutsen ciki fari tas kamar jiya aka sassaƙa. Shekara biyar da 'yan watanni. Na tsaya ina tuna ganuwar Kano da yadda ake yankarta ana kafa shaguna, na ga ɓacin rai zai lalata mini yini, na fita.

Azahar a Babban Masallacin Paris na yi ta. An buɗe shi a 1926 don tunawa da sojojin Musulmi da suka mutu suna yi wa Faransa Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ginin irin na Magrib ne, koren rufi, lambu da ruwa a tsakiya. Daga nan na bi layi na 4 zuwa Château Rouge, inda na ga abin da ya kashe mini jiki: kuɓewa ɗanya, manja, busasshen kifi, gero, goro, atamfa, duk a kan titi ɗaya. Wato rabin abin da na ɗauko daga Kano ana sayar da shi tasha kaɗan daga gidan Dakta. Na faɗa masa da dare. Ya ce ya sani, amma waccan ba Hajiyarsa ce ta daka ba.

Asabar, 5 ga Yuli. Brussels

Awa ɗaya da minti 22 a jirgin ƙasa, ka bar ƙasa ka shiga wata, ba shinge, ba mai cewa a sauko. Kano zuwa Zariya ya fi haka cin lokaci.

Mai masaukina a nan ɗan Damagaram ne, tare muka yi harkar kayan gyaran mota a Ƙofar Ruwa shekarun baya. Kafin ma mu je gida ya ce sai ya nuna mini "mahaifar motarka". Tafiyar ƙafa kaɗan daga tashar Midi akwai titin Heyvaert, gareji na bin gareji, cike da tsofaffin motoci. A nan ake ciniki, a ɗora su kan tirela zuwa tashar jiragen ruwa ta Antwerp, daga can sai Kwatano ko Lome ko Legas. Duk wanda ya taɓa cewa motarsa "Beljiyam ce" don ya nuna ba a taɓa hawanta a gida ba, to ga inda sunan ya samo asali. Na ji Larabcin Labanan, na ji Faransanci, na ji Zabarmanci, na ji Hausa ta ko'ina: ta Maraɗi, ta Yamai, ta Agadas. Wani dillali ya dube ni ya ce, "Alhaji, wace iri ake nema?" kamar a bakin titin Zariya. Mutumina ya ce kasuwar ba kamar da ba, hukuma na son mayar da unguwar gidajen zama, Kwatano ma ta ja baya. Shi dai aikinsa cika cikin motocin da katifu da tayoyi da tsofaffin talabijin kafin a rufe.

Muna azumin Ashura. A nan ne na san Allah ya yi mana sauƙi a gida: sahur wajen uku da rabi, buɗa-baki goma saura kaɗan, kusan awa 18. Da La'asar na duba agogo na ga saura awa huɗu, na koma na kwanta. Matarsa ta yi mana kunun gyaɗa da dambu, yaran kuma da Faransanci suke amsa mini duk abin da na tambaye su da Hausa. Suna ji sarai, bakin ne ba ya juyawa. Uban ya ce, "Ka ga abin da ke hana ni barci." Ban sami abin ce masa ba, na ƙara kunu.

Saƙo biyu sun sauka, nasa da na wani ɗan'uwansa da ke aikin dare, wanda ban ma gan shi ba. Saura shida.

Lahadi, 6 ga Yuli. Brussels

Da safe Grand-Place: dandali ne da gine-gine masu ruwan zinare suka kewaye, ya cancanci a gani. Gunkin yaron nan mai fitsari da ake ta zuzutawa kuwa bai kai tsawon hannuna ba, ga mutane sun yi dafifi suna ɗaukar hoto. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Da yamma muka tafi Tervuren, bayan gari, gidan tarihin Afirka da ya samo asali daga Sarki Leopold na Biyu, mutumin da ya riƙe Kwango a matsayin gonarsa ta kansa. A 1897 an kawo 'yan Kwango 267 an zaunar da su a wannan lambu, an yi musu bukkoki, mutane na zuwa kallonsu. Bakwai suka mutu. Kaburburansu na jere a jikin bangon cocin garin. An gyara gidan tarihin an sake buɗe shi a 2018, yanzu rubuce-rubucen bango suna faɗin gaskiyar abin da aka yi, ba laifi. Amma kayan suna nan inda suke. Mun fi daɗewa a gaban kaburburan nan bakwai fiye da cikin ginin. Mutumina shekara 14 yana garin, bai taɓa zuwa ba sai yau da na matsa masa. Na lura duk haka suke: wanda ke zaune a gari ba shi da lokacin ganinsa.

Laraba, 9 ga Yuli. Bonn

Duk wanda ya ce maka jirgin ƙasa ba ya latti a Jamus, bai zo ba. Nawa ya makara, na rasa wanda zan canja, na zauna a Kolon awa biyu. Abin ya zame mini gobarar Titi, domin kana fitowa daga tasha babbar majami'ar garin ce a gabanka, baƙa ƙirin, tsawon mita 157. An soma ginin a 1248, ba a gama ba sai 1880. Shekara 632. Daga yau na daina yi wa ginina na Ɗorayi gori.

A Bonn 'yar yayata ce, tana karatun digiri na biyu. Ta tarye ni da keke, abin da da a gida ne sai an yi taron dangi a kansa. Ta koya mini dokokin gari cikin minti goma: "Kawu, kada ka taka jan layin nan, na masu keke ne. Kada ka tsallaka titi sai ɗan mutumin ya zama kore, ko babu mota. Kada ka yar da robar ruwa, akwai santi 25 a kanta, injin kanti zai mayar maka. Ranar Lahadi kuma kantuna a rufe suke." Shara ma kala-kala ce, kowace da mazubinta. Na ce wannan ai sai an yi wa mutum bita.

Ta kai ni bakin kogin Rhine, ta nuna mini ginin DW. Na tsaya ina kallonsa kamar gidan dangi. Mahaifina ya yi shekaru yana murɗa akwatin rediyo da yamma yana kamo su, bai taɓa tunanin wurin yana da ƙofa da tagogi ba. Garin shi ne babban birnin Jamus ta Yamma kafin a haɗe, amma shiru yake kamar Gumel da tsakar rana.

Saƙon uwarta atamfa ce ɗinkakkiya da garin kunu. Akwai kuma saƙon baki, wanda aka ce in faɗa mata idan mun keɓe: maganar aure. Na faɗa. Ta ce, "Kawu, ka ce mata ka faɗa." To, na faɗa.

Juma'a, 11 ga Yuli. Hamburg

Nan ne arewa mafi nisa da zan kai. Ko sha ɗaya na dare sararin sama bai gama yin duhu ba, kuma kafin ka yi juyi biyu gari ya soma wayewa. A tsakiyar bazara shafaƙi ba ya ɓacewa sosai a nan, shi ya sa masallatai suke ƙaddara lokacin Lisha da Asuba da lissafi, kowanne da jadawalinsa, wasu kuma suna haɗa Magariba da Lisha. Na tambayi mai masaukina wanne yake bi. Ya ce wanda zai bar shi ya kai wurin aiki ƙarfe shida.

Alhaji mutumin Zangon Kumasi ne, kakansa fataken goro ne daga Kano, matarsa kuma 'yar unguwarmu. Hamburg cike take da 'yan Gana, kuma cikinsu 'yan Zango ba kaɗan ba ne. Hausarsu ba ruwanta da mace ko namiji: "matata ya tafi kasuwa." Da farko kunnena ya yi ta tuntuɓe, kwana ɗaya na saba. Mun yi Juma'a a wani masallaci kusa da babbar tasha, a unguwar da kusan kowace al'umma take da nata: Turkawa, Larabawa, 'yan Afganistan, 'yan Afirka ta Yamma. Bayan sallah aka yi cincirindo a bakin titi ana gaisawa, aka ja ni cin waake da shinkafa irin na Gana. Sai da na ci na mutum uku kafin suka sake ni.

Da yamma muka shiga jirgin ruwan haya a kogin Elbe, da tikitin bas ɗin gari, muka bi ta gaban tashar kwantenoni. Teku na da nisan kilomita wajen 100 daga nan, amma manyan jiragen har cikin gari suke shigowa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan garin ne mahaifar Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano a 1851 da sunan Abdulkarim, ya rubuta labarin kasuwarmu da marinarmu. Da zai koma a 1855 ya taho da samari biyu, Abbega da Dorugu. Dorugu Bahaushe ne daga ƙasar Damagaram, an kama shi bawa yana yaro, aka 'yanta shi. Ya ga Landan, ya ga Hamburg, ya kuma ba da labarin abin da ya gani da Hausa, wani malamin mishan mai suna Schön ya rubuta. Wato shekara 170 da suka wuce wani yaro ya riga ni tsayawa a bakin wannan ruwa yana ƙare wa Turawa kallo da Hausa a cikin kansa. Na ba Alhaji labarin, ya ce, "Shi ma ba biza ya zo."

Turaren wutar matarsa ya isa hannunta. Saura uku.

Lahadi, 13 ga Yuli. Berlin

Na iso da rana, mai masaukina Injiniya ya ɗauke ni. Muna zaune muna shan shayi da yamma wayoyinmu suka soma ƙara a tare: Janar Buhari ya rasu a Landan. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kafin Magariba falon ya cika, mutum tara, har da wanda ya tuƙo daga wani gari. Aka yi addu'a. Ana shafawa kuma aka koma musu, masu cewa ya yi, masu cewa bai yi ba, murya na tashi har matar gidan ta leƙo ta tuna mana cewa Lahadi ce, maƙwabta ba sa ɗaukar hayaniya. Mutanen nan wasunsu sun shekara 20 a Jamus, suna da fasfo ɗinta, amma ban ji wanda ya ɗaga murya kan siyasar Jamus ba.

Talata, 15 ga Yuli. Berlin

Jiya na yi yawon da kowa ke yi: Ƙofar Brandenburg, da ragowar katangar da ta raba garin daga 1961 zuwa 1989. A wurare da yawa layin duwatsu biyu ne kawai a ƙasa yake nuna inda ta bi, mutane na takawa ba su ma sani ba.

Wuri biyu ne na sa Injiniya ya nemo mini. Na farko a titin Wilhelmstrasse, inda fadar Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus na wancan zamani, take a da. A nan ƙasashe 14 suka zauna daga Nuwambar 1884 zuwa Fabrairun 1885 suka tsara ƙa'idar rabon Afirka, babu ɗan Afirka ko ɗaya a teburin. Ba a ɗakin aka ja layin da ya raba Katsina da Maraɗi ba, wannan Ingila da Faransa suka yi daga baya, amma a nan aka buɗe ƙofar. Fadar babu ita yanzu. Gidajen haya ne a wurin, sai wani allo a tsaye a bakin hanya da taswirar Afirka. Wata mata ta ɗaure karenta kusa da shi ta shiga kanti.

Na biyu kabarin Barth ne, a wata tsohuwar maƙabarta a Kreuzberg. A 1865 ya mutu, yana da shekara 44. Mun sha wuya kafin mu gano shi. Ba kowa a wurin sai mai ban ruwan furanni.

Yau kuwa ba mu fita ba. Mun jingina waya da kwalbar ruwa muna kallon jana'iza a Daura. Injiniya ya yi shiru can ya ce, "Ka san abin da nake tsoro? A nan ƙasar kabari ma haya ne, shekara kaza, in ba a sabunta ba a ba wani." Ya ce suna da asusu da suke zuba kuɗi duk wata don kai gawar ɗan'uwa gida. Shi ne abu ɗaya da ba a taɓa yin rigima a kansa ba a ƙungiyarsu.

Saƙonsa biyu na ba shi tun ranar da na zo. Jakar jama'a ta zama fanko, amma ba ta daɗe a haka ba, saƙonnin da zan kai gida sun cika ta: takalma daga Paris, magungunan ciwon gwiwa daga Brussels, waya biyu daga Hamburg, cakulan daga Bonn, ambulan huɗu masu kauri. Saura na aljihu.

Juma'a, 18 ga Yuli. Garnaɗa

Jirgin sama zuwa Malaga a kudancin Sifen, bas zuwa nan, garin da Turawa ke kira Granada. Ƙasar ta canja gaba ɗaya: jar ƙasa, busassun duwatsu, itatuwan zaitun a jere har iyakar gani. Rana irin tamu. Da azahar gari yakan mutu, a rufe shaguna, sai biyar a sake buɗewa. Su kam sun san zafi.

Mahaifina ya yi aikin rajistara a kotun alƙali, kuma tun ina yaro nake jin ana jan baitocin Tuhfa, littafin hukunce-hukuncen alƙalai, a zaurenmu. Mai littafin, Ibn Asim, alƙalin wannan garin ne. Alƙali Iyal mai Ashafa, wadda ake karanta mana duk azumi, shi ma ya yi alƙalanci a nan. Saboda haka ban shigo Garnaɗa a matsayin baƙo sosai ba, sunan ya daɗe a kunnena, ban dai san yana da tashar bas ba.

Tikitin Alhambra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmi na garin, tun ina Kano na saya, don in ka bari sai ka zo ba ka samu. Da lambar fasfo ake yanka shi, kuma fadar sarakunan Banu Nasr tana da lokacin shiga, in ka makara shi ke nan. Ba zan iya siffanta cikin ba, hotuna ma ba su iya ba. Abin da zan ce, bangon rubutu ne. Masu yawon buɗe ido suna ganin ado, ni kuwa ina karantawa, da ɗan abin da na samu a makarantar allo. Kalma ɗaya ce ke maimaituwa a kowane lungu: wa la galiba illallah, wato babu mai rinjaye sai Allah. Waɗanda suka sa aka sassaƙa ta sun miƙa wa sarakunan Kirista makullan garin a 1492. Ruwan da suka janyo daga dutse har yau yana gudu a cikin 'yan magudanan, ya ratsa ɗakuna, ya fito ta bakin zakuna 12.

Na yi Juma'a a masallacin unguwar Albaicín, a kan tudun da ke fuskantar fadar. A 2003 aka buɗe shi. A nan muka yi da autan Inna za mu haɗu, amma ya bugo ya ce mai gona bai sake su ba, sai gobe.

Asabar, 19 ga Yuli. Garnaɗa

Ya zo. Ya taho a bas daga wajen Almeriya, inda ake noman tumatir da tattasai a ƙarƙashin rumfunan leda, fili guda fari fat har bakin teku. Da ban ji muryarsa ba da ban gane shi ba. Yaron da na sani da kumatu, yanzu duk ƙashi ne, hannunsa kamar ɓawon itace. Ya durƙusa har ƙasa a tsakiyar tasha ya gaishe ni, Turawa na kallo. Na ce tashi, tashi.

Na kai shi wani gidan abinci na 'yan Maroko. Ya ba ni labari, ba duka ba: Agadas, Tamanrasset, shekara biyu a Maroko yana aikin gini, sannan ruwa. Da ya zo kan maganar ruwan sai ya ce, "Baba, a bar wannan." Aka bari. Yanzu su shida ne a ɗaki, aiki ranar da aka samu, a cikin leda da tsakar bazara. Abin da yake jira takarda ce. Ya ce an sassauta doka a watan Mayu, wanda ya cika shekara biyu a ƙasar yana iya neman izinin zama in ya sami mai ba shi kwantiragin aiki. Saura masa wata biyar. Ya ƙirga mini su da yatsu.

Hoton da yake turo wa Inna, wanda take nuna wa kowa a unguwa, yana jingine da wata jar mota. Ban tambaye shi ta wane ne ba.

Na ciro saƙon. Carbin ya rataya a wuya nan take. Wasiƙar ya juya ta, ya sake juyawa, ya ce ajaminsa ya gudu, in karanta masa. Na karanta a hankali. Babu maganar kuɗi a ciki ko ɗaya. Gaisuwa ce, da sunayen waɗanda suka rasu da waɗanda aka haifa, da cewa akuyarsa ta haifi biyu, da cewa kada ya bar sallah. Ya kifa kai a kan tebur. Na kira mai abinci na ce a ƙaro shayi, don in sami inda zan kai idona.

Da zai tafi ya ciro Yuro 150 a ninke cikin leda ya ce in kai mata. Sannan ya ce, "Baba, in ta tambaye ka, ka ce ka same ni lafiya." Na ce ai lafiyar na same ka. Ya ce, "A'a, ka gane dai." Na gane. Har yanzu ban yanke abin da zan faɗa mata ba.

Litinin, 21 ga Yuli. Ƙurɗuba

Zafin nan sai Maiduguri. Na shiga babban masallacin da sassafe. Abdurrahman na Ɗaya, sarkin Musulmin Andalus, ya soma gina shi wajen 785, aka yi ta faɗaɗa shi, ya koma coci a 1236, daga baya kuma aka dasa wata majami'a sukutum a tsakiyarsa. Ginshiƙai sama da 850, kowanne ɗauke da baka biyu, ja da fari, wani kan wani. Na tuna bakan gizon da Babban Gwani ya ɗaura a masallacin Juma'a na Zariya, na ce ashe magina duk inda suke yarensu ɗaya. Mihrabin na nan da adonsa na zinare, an kange shi. Ba a yarda Musulmi ya yi sallah a ciki ba, masu gadi na lura. Na tsaya a gabansa na ja baiti biyu na Ishiriniya a zuci, tunda Alfazazi ɗan garin nan ne. Wannan dai ba mai hana ni.

Gobe jirgin ƙasa zuwa Madrid, jibi gida. Na ari sikeli a masauki na auna jakar jama'a: kilo 26. Uku sun yi yawa. Na zazzage ta a kan gado ina duba na wanda zan mayar jakata, sai ga saƙon Dakta ya shigo, wai ya manta, akwai wani agogo da zai aiko wani ya kawo mini filin jirgi. Rigunan sanyin nan biyu da ban taɓa sawa ba su zan bari a nan.